Sunan da Ke Jikin Gado na Huɗu

Ranar Talata maƙwabcina Anicetas ya faɗi a matakalar benenmu, buhun dankali a kafaɗarsa. Ni na fara iske shi. Dankalin ya gangara har hawa na biyu, mutane suna ta tsallake shi.

"Kai, tashi mana," na ce. Bai tashi ba.

Shekara talatin da takwas muna fuskantar ƙofar juna a garin Utena, ban taɓa kiran sunansa ba. Zamanin mulkin Rashawa shi ya kai rahoto cewa ina ɓoye haramtattun littattafai a bayan murhu, aka kore ni daga koyarwa. Tun daga nan sunansa a bakina "Kai". Shi kuwa "Malam Littafi" yake ce mini, yana yashe haƙoransa na ƙarfe.

A asibiti likita ta ce jijiyar jini ta fashe masa a ƙwaƙwalwa.

"Baba, kai ɗan'uwansa ne?"

"Allah Ya kiyaye. Maƙwabci ne."

"To ka riƙa kiran sunansa. Wani lokaci shi kaɗai suke ji."

Wa ke kiransa? Ma'aikatan jinya "gado na huɗu" suke cewa. Wata mai jan farce takan leƙo ta ce, "Yaya kakanmu yau?" kamar tana yi wa mage wasa. An liƙa takarda a gadon: Anicetas. A harshenmu haka ake faɗin sunan idan ana zancen mutum a bayan idonsa. Idan da shi kake magana, ƙarshen sunan yakan sauya, -as ya koma -ai. Kwana tara ban ji wanda ya sauya shi ba.

'Yarsa Rimantė ta bugo daga Norway, inda take aikin yankan kifi, na riƙe masa wayar.

"Kawu Steponas, yana ganewa kuwa?"

"Zo ki tambaye shi."

"Aiki ne, wallahi. Sai ƙarshen wata."

"Zan gaya masa ya jira. Kifin da kike yankawa ya fi gaggawa."

Ta kashe.

Kullum ina zuwa da miyar kabeji da ba zai sha ba. Ina karanta masa jarida, ina zaginsa.

"Kai, kana ji? Yanzu da ake son ka buɗe baki ka yi shiru. Da can wa ya roƙe ka?"

Idonsa na hagu yakan bi ni. Yana jira in kira sunansa, na sani. Nakan buɗe baki, sai in tuna ajin da aka fitar da ni gaban ɗalibaina, in koma kan hasashen yanayi.

Ranar Alhamis da hantsi na iske an yaye zanen gadon. Mai jan farce tana ɓamɓare takardar.

"Ayya, Baba, kakanmu ya tafi."

"Ba kakanki ba ne. Yana da suna."

"To me ya hana ka kira shi?" ta ce, ta wuce da bokitinta.

Na zauna a bakin katifar. Shekarar da ciwo ya cinye ƙafafun matata Genovaitė, wannan mutumin ne yake goya ta hawa biyar, sauka da hawa, duk Litinin, wata bakwai. Ni ina biye da jakarta, ina kallon bango.

Kwanon miyar yana kan gwiwata, da sauran ɗumi. Kalma uku ce kacal na kasa faɗa masa. Anicetai, na gode.