Ɗan Farin Zaituna a Shekarar Ambaliya

Shekarar nan tun farko ban yarda da ita ba. Ruwan shuka ya yi latti, da ya sauka kuma sai ya ɗauke ƙafa, gero ya tsaya yana murɗewa a gona. Har roƙon ruwa aka fita a Gashuwa, ni kaina na rufe rumfar bandar kifina na bi sahu. To, watan Agusta na kamawa sai sama ta ɓalle ta ƙi tsayawa. Kogi ya cika ya batse, hanyar Nguru ta yanke, kullum sai ka ji gari kaza ya tashi.

Ƙanena Dunoma yana Nguru wajen lodin shanu, ruwa ya tsare shi can. Matarsa Zaituna kuwa tana gidan iyayenta, wani ƙauye bayan Katuzu, tana wankan jegon ɗanta na fari, Nuraini. Dunoma ya kira ni a waya ya ce: "Yaya Meram, don Allah je ki dubo min su. Ni ko na samu hanya, da wane bakin zan ce wa surukina ya ba ni matata ba ta yi arba'in ba?" Na ce kai dai kunya ce za ta kashe ka. Na hau babur, na ƙarasa a kwalekwale.

Zaituna yarinya ce mai kara, har abin ya yi yawa. Ɗan fari kowa na jin kunyarsa, na sani, amma ita ko kallonsa ba ta yi in da babba a wurin. Mahaifiyarta Gogo ce mai ɗaukarsa, ita ce mai goya shi. In zai sha nono sai kowa ya fita an saki labule. Haushi ya kama ni na ce, "Ke, wai tsinto shi aka yi?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Washegari da hantsi jingar da suka tare kogi da ita ta fashe. Ihu kawai na ji daga bakin fadama, kafin in lalubo takalmina ruwa ya kai gwiwa, jajawur da laka, yana tafe da kaji da kwanuka. Katangu suka fara zubewa, rim, rim. Wallahi tunda nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, fatihar ma ta ƙi zuwa bakina.

Kwalekwale biyu ne a garin. Na farko ya kwashi mata da yara, na hango Gogo a ciki rungume da wani ƙunshi cikin zane. Na ce alhamdulillahi, yaro ya fita. Zaituna a lokacin tana makewayi wajen wankan ruwan zafi. Mahaifinta Baba Zarami ya daka mata tsawa ta fito, ya tasa mu gaba har kwalekwalen Kyari masunci, wanda ya cika da dattawan gari.

Muka nufi tudu. Zaituna na zaune a bayana, ubanta na fuskantarta. Can sai na ji hannu a ƙarƙashin hijabina, yana shafa gadon bayana, yana lalube. Na ture shi. Ya dawo, sanyi ƙalau. Na waiwaya zan zazzaga mata masifa, sai na ga fuskarta. Leɓenta ya fashe don cizo, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Goyo take nema a bayana.

Na ce, "Ba yana wajen Gogo ba?"

Ta saci kallon ubanta, ta kawo baki kunnena. "Garin kunu ne a ƙunshin, Yaya. Na ɗauka ke ta ba wa."

Innalillahi! Wato tun daga ƙofar gida take da shakka, ta kasa buɗe baki ta tambayi ɗanta a gaban manya. Na kurma ihu, "Kyari, juya! An bar jariri a ɗaki!" Ya ce jirgi ya yi nauyi, in ya juya a wannan igiyar duk mun kife. Ban san lokacin da na dira ba. Ruwa ya kama ni iya ƙirji, ƙafata na nutsewa a taɓo, sai na ji an damƙi hannuna. Baba Zarami ne, tsoho da shi, ya biyo ni.

Muka riƙa kama dannin gidaje muna ja. Ko'ina na duba bango ne ke narkewa kamar an jiƙa tuwo. Ina tafe ina cewa ya Allah kar ɗakin, ya Allah kar ɗakin. Muka tarar rabin katangarsa ta tafi, rufin ya karkace. Na kasa kunne, shiru. Na kasa shiga, sai da Baba ya tura ni.

Nuraini na can ƙololuwar katifun da Gogo ta jibga a kan gadon ƙarfe, ruwa ya riga ya cinye ta ƙasa. Cinnaku masu gudun ruwa sun hau sun lulluɓe masa ƙafafu. Kuka yake, muryar ce ta dushe. Na fizgo shi na kakkaɓe, na ɗora shi a ka cikin wata ƙwarya, muka fito muka keta ruwa har tudu.

A kan tudu duk gari ya taru. Gogo na birgima tana rantsuwa ta ƙwala min kira in ɗauko shi, ni kuwa ban ji ba. Na wuce ta na je gaban Zaituna na miƙa mata ɗanta. Hannayenta suka taso, suka tsaya a hanya, ga ubanta tsaye kusa da ni yana ɗigar ruwa. Na buɗe baki zan yi ashar.

Baba Zarami ya juya mana baya, ya fuskanci kogi. Ya ce wa dattawan, "Ku zo mu ga inda ruwan ya kai." Duk suka juya tare da shi.

Ta wafce yaron har sai da ta yakushe ni.