Kwamfuta a Ɗakin Goro

Tukur ya karanta tarihi a jami'a, ya kuwa karanta shi da so, irin son da ke sa mutum ya manta da tuwon dare. Ya dawo Sakkwato yana koyarwa a sakandare, yana zuwa aiki bisa keke, a shekarun da kuɗin mai suka yi wa ƙasa ambaliya har masinjan ofis ke taya babur. Mahaifinsa, mai sayar da yadi a kasuwa, bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba.

"Tarihi?" in ji tsohon. "Abin da tsohuwa ka ba mu kyauta bayan lisha, shi kat tahi Zariya saye?"

Maganar nan ta tsaya wa Tukur a rai. Saboda haka da Hukumar Rijiyoyin Karkara ta sayo kwamfuta, ta ce tana neman mai digiri, ko digirin mene ne, a tura shi Ikko kwas, sai ya ajiye alli, ya kulle littattafansa a akwati, ya bi jirgi.

A Ikko ɗalibai sun cika aji, inji kuwa ɗaya ne, shi ma a bayan gilashi. Aka koya musu huda kati, kowane kati umarni guda. Ka haɗa katunanka ka miƙa ta taga, gobe a dawo maka da takarda mai cewa ka yi kuskure. Amma a faɗi gaskiya, Tukur ya koya. Ya dawo gida da abin a kansa, yana ɗokin ranar da zai taɓa injin da hannunsa, mahaifinsa ya ji labari. Tun kafin ya sauke kaya, mutanen unguwarsu, Tudun Wada, suka raɗa masa Malam Kwamfuta.

Injin hukumar ya kai kabad huɗu girma. An ware masa ɗaki da iyakwandishan biyu da janareta nasa na kansa, don Baturen kamfanin da ya sayar da shi ya yi kashedi cewa ba ya son zafi, ba ya son laima. A duk ginin nan, shi kaɗai ne ɗakin da mutum zai shiga da bazara ya tuna cewa Allah ya halicci sanyi.

Babban sakataren hukumar, Alhaji Bawa, gidansu fataken goro ne tun kakanni. Ya shigo ranar farko don ya sa wa injin albarka, sanyi ya buge shi, sai ya tsaya yana kallon kusurwoyin ɗakin, ba injin ba. Kashegari huhun goro guda ya iso. Kafin wata ya mutu, huhuna sun kai rufi, kullum da safe ana yayyafa musu ruwa. Kunna inji kuwa aka hana, wai yana hura zafi.

"Ranka shi daɗe," in ji Tukur, "injin ga ba shi son laima."

"Goro ko shina so," in ji Alhaji Bawa. "Yi haƙuri, ɗana. In damana ta hwaɗi, kunna abinka."

Damina ta faɗi, ta ɗauke, sabon goro ya iso.

Haka Tukur ya zauna, sanye da suwaita a tsakiyar bazarar Sakkwato, tsakanin inji da huhu, yana bitar darussansa don kada su tsiyaye. Ba za a ce yana wahala ba. An ba shi bashin mota, ya yi ƙiba, sanyin ma ya saba da shi. Amma kullum ya koma gida, matarsa Atika na miƙa masa ruwa tana tambaya, "Malam, yau an kunna ta?" Tun tana tambaya da gaske har ta koma yi da murmushi. Murmushin nan ya fi masa zagi ciwo.

Ana nan sai aka yi juyin mulki. Sababbin sojoji suka zo da tsintsiya, kullum rediyo na karanta sunayen manyan da aka kora. Aka ce wani Manjo Ishaya zai zo duba hukumar. Kowa ya tsorata, ban da Tukur, wanda ya ga ranarsa ta zo. Ya ɗauko katunan da suka shekara a ɗakin, ya huda musu aikin da ya daɗe yana mafarki: injin ya jero ƙauyukan da ba su da rijiya, daga wanda ya fi nisa da ruwa. Alhaji Bawa kuwa tamfol kawai ya sa aka lulluɓa wa huhunan.

Manjo ya iso da azahar, ya sha hanya, gumi ya jiƙa masa kaki. Tukur ya danna makunni. Injin ya yi gurnani, fitilu suka kama, shi kuwa har ƙwalla ta cika masa ido don daɗi. Ya zuba katunan. Injin ya haɗiyi kaɗan, ya tauna, ya shaƙe. Katunan sun sha laima sun kumbura kamar gurasar da aka jiƙa. Ya zaro, ya sake zubawa, injin ya sake shaƙewa. Ɗakin ya fara ɗumi.

"Me ya same shi?" in ji Manjo.

Tukur bai san lokacin da ya fizge tamfol ɗin ba. "Ga dalili, yallaɓai!"

Tukur ya jira tsawa, ya jira a ce a kama Alhaji. Alhaji Bawa kuwa ko gezau. Ya zura hannu cikin huhu, ya zaɓo farin daushe, goron bara mai tsada, ya goge da bakin riga, ya ɓare, ya miƙa da hannu biyu. Manjo ya karɓa, ya gatsa. Ƙarar gatsawar nan kowa ya ji ta. Ya lumshe ido yana tauna.

"A barikinmu," ya ce, "goro kwana biyu ne ya yanƙwane."

"Sanyi na, ranka shi daɗe," in ji Alhaji. "Dut sirrin sanyi na."

Manjo ya dubi huhu, ya dubi inji, ya yanke hukunci irin na soja, wanda ba ya ɓata lokaci wajen tunani. "Abu biyu ke cikin ɗakin nan. Ɗaya yana aiki, ɗaya ba ya yi. Wannan inji almubazzarancin gwamnatin da muka kora ne. A fitar da shi yau." Sannan ya nuna Tukur da sandarsa. "Wannan fa?"

Alhaji Bawa ba ya ramuwa a gaban baƙi. Ya dafa kafaɗar Tukur kamar uba. "Yaron kirki na. Tarihi yak karanta."

"Madalla!" in ji Manjo. "To ka rubuta mana tarihin injin nan, daga sayensa zuwa yau, na baya su ɗauki darasi." Ya kai bakin ƙofa, aljihunsa ya yi nauyi, ya waiwayo. "Kada ka sa goro a ciki."

Leburori suka kinkimi injin suka ajiye a gindin dogonyaro, awaki suka sami inuwa biyu.

Tukur, wanda ya sha gaya wa ɗalibansa cewa mai rubuta tarihi ba ya ɓoye abin da ya gani, ya zauna cikin sanyi ya rubuta. Ya ɗora laifin a kan yanayin Sakkwato. Babu goro ko ɓari ɗaya, babu sunan ƙauye ko ɗaya. Rahoton ya yi kyau ƙwarai, har aka ƙara masa girma a kansa.

Ranar da labarin ya kai kasuwa, mahaifinsa ya zo gida takanas, ya riƙe hannunsa yana jijjigawa, fuskarsa cike da alfaharin da Tukur ya yi shekaru yana jira.

"Ka gahwarce ni, Tukur," in ji tsohon. "Ashe tarihin ga shina ciyar da mutum."