Ruwa Zalla

Ruwa zalla ta zuba a rami na goma sha biyu na farantin gwaji, da hannunta, amma ga shi yana haske kamar sauran.

Ta daɗe tsaye gaban na'urar. Ƙa'idar aikin a bayyane take: in ana neman ƙwayar tarin fuka mai bijire wa magani a majinar marasa lafiya, ana barin rami ɗaya da ruwa kawai. Idan ruwan ya yi haske, wato ya nuna cuta, gwajin ne ya gurɓace, sakamakon duka ya zama shara. Sau uku ta maimaita, sau uku ruwa yana kamuwa da tari.

Wata biyu ke nan da hana ta taɓa wannan gwaji, saboda mijinta na cikin waɗanda ake aunawa. Yau mai yin sa ba ta zo ba. Ta buɗe tsofaffin hotuna a kwamfuta. Kowane hoto rami goma sha ɗaya ne a cikinsa. An datse na ƙarshen.

Ta buga hoton gwajin yau a takarda, ko sallama ba ta yi ba ta faɗa ofishin Farfesa, shugaban ɗakin gwajin. A da nan ne ɗakin haɗa sinadarai, inda ko da takalmi ba a shiga. Farfesan ne ya sa aka cusa kayan cikin ɗakin majina, inda ƙwayar cuta ke iya faɗa musu, ya shimfiɗa kafet, ya jera kujerun baƙi.

"Ranka ya daɗe, wa ya yanke hotunan nan?"

"Ɗan datti ne, 'yata." Bai ɗago ba. "Sabuwar hanya ba ta rasa haka. Bari a gama taron gabatarwa, sai mu duba."

"Datti? Mutum tara ake sokawa allura kullum saboda dattin nan! Allurar da ke cin kunne!"

"Kin ga dalilin da ya sa na cire ki. Zuciya ta yi miki yawa."

"Kafet ɗinka ne ya yi yawa."

Sai yanzu ya ɗago. "Idan takardar nan ta fita daga ginin nan, ki bar farar rigarki a ƙofa."

Ta cire rigar, ta jefa kan kujerar baƙi.

Ta wuce asibiti da takardar, inda mijinta ke kwance cikin mutum taran nan. Mijinta makanike ne. Ranar da suka fara haɗuwa, tun daga nesa ya ji ƙarar babur ɗin da ya ɗauko ta, ya faɗa wa mai shi abin da ke damun injin. Yakan ce ko cikin mata ɗari zai gane takunta.

Ta tarar da nas tana zuƙo allura. Ta riƙe mata hannu.

"Dakata, 'yar'uwa. Kira likita ya ga wannan."

Likita ya dubi hoton, ya dubi rami na goma sha biyu. Sai ya ce a mayar da allurar.

Mijin na zaune bakin gado, ya ba ƙofa baya. Bai san ta shigo ba sai da ta dafa kafaɗarsa. A waje wani babur ya wuce yana tari yana shaƙewa. Ta zuba masa ido, tana jira ya yi tsaki ya faɗi ciwon injin.

Bai waiwaya ba.

"An daina allurar," ta ce.

Ya yi murmushi, ya karkato da kansa, yana kallon leɓɓanta.

"Me kika ce?"