Maganin Gwiwar Baba

Baba kafinta bai taɓa mayar da kyauta ba, kuma bai iya ƙarya ba. Ko hular da ta matse shi aka kawo masa, sai ya ɗora ta a ka ya zauna da ita, jijiyar goshinsa na tashi, har mai kyautar ya tafi. Kowa na yabon waɗannan halaye biyu, ba wanda ya taɓa tunanin idan suka haɗu za su iya kai mutum kabari.

Auta, ƙaramar 'yarsa da ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta fara ganin alama. Da safe ta shiga banɗaki bayan fitowarsa, ta tarar da abin da ruwa bai gama tafiya da shi ba: baƙi ƙirin kamar kwalta, ga wani ƙarni da ba ta taɓa jin irinsa ba.

Ta same shi a shagonsa na ƙofar gida, zaune kan benci da guduma a cinya. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, leɓɓansa sun yi fari fat.

"Baba, me ka ci jiya?"

"Abin da kika ba ni mana. Ko kin fara zuba min gawayi a miya ne?"

Ya yunƙura zai miƙe don ya nuna mata lafiyarsa ƙalau. Sai ta ga idonsa ya juye, ya zube cikin garin katako, wani baƙin amai ya biyo baya. Auta ba ta san ta ƙwalla ƙara ba sai da ta ga maƙwabcinsu direba ya shigo a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

A asibiti wata nas ta ɗaura masa ruwa, ta tambayi Auta ko yana shan wani magani.

"Ɗaya ne kawai, na ciwon gwiwa. Ibuprofen. Ni nake ba shi, kuma sai ya karya tukuna."

Nas ɗin tana cire masa riga, sai ga abubuwa suna zubowa daga aljihu: ƙusoshi, guntun fensir, da katin magani har kala biyu, duk an kusa shanye su. Auta ta tsugunna ta tsince su. Ta gane su sarai. Jan na Yaya Babba ne, wanda ya rantse duk duniya babu kamarsa. Farin kuwa na Yaya Malama ne, wadda ta ce na Yaya Babba shirme ne. Tun da gwiwar Baba ta fara kumburi 'ya'yan nan suke gasar nuna ƙauna, kowa da ledarsa, kuma ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa me ya kawo. Kullum sai sun bugo waya: "Baba, kana dai shan nawa ko?" Shi kuma ya ce yana sha. To, da gaske yake, yana sha ɗin. A shago yake haɗiye su da ruwan buta, tun kafin a kawo masa shayi.

Likita ta haɗa da katin Auta, ta jera su uku a tafin hannunta.

"Wannan diclofenac ne, wannan asfirin, ga kuma naki. Sunansu ne daban, amma 'yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Suna tare abin da ke kawo zafi da kumburi a jiki. Matsalar, wannan abin dai shi ne ke sa ciki ya yi wa kansa rigar kariya. In aka haɗa uku, rigar ta tafi, ruwan ciki ya fara cin naman. Ga asfirin kuma yana hana jini daskarewa. Baƙin da kika gani jini ne, ya daɗe yana zuba."

"Zai tashi?" in ji Auta.

"Za mu ƙara masa jini, mu zura na'ura mu nemo inda yake zubar. Sai mun duba ƙodarsa ma, don ita ma ba ta son irin wannan magani."

Ba ta ce zai tashi ba. Auta ta lura da haka.

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe. Auta ta zauna kan kujerar ƙarfe rungume da rigar Baba, tana jin warin katako a jikinta. Tsoro ya kama ta sosai. Duk ƙarar tayar gado sai ta miƙe, duk nas da ta fito sai ta kalli fuskarta kafin bakinta. Ta tuna yadda take tsayawa a kansa kullum sai ya haɗiye nata, tana jin daɗin ita ce mai kula da shi.

Da yamma aka fito da shi, jinin wani na ɗiga cikin hannunsa. An samu gyambon, an tsayar da zubar. Likita ta ce daga yau sai paracetamol, shi ma bisa ƙa'ida don hanta ba ta son a wuce iyaka, kuma ko ƙwaya ɗaya ya ƙara daga cikin ukun nan, ba ta da tabbacin za a same shi da wuri irin na yau.

Baba ya yafito ta da yatsa.

"Likita, don Allah kada ki faɗa wa yaran nan. Ba za su ji daɗi ba."

Likitar ta dubi Auta.

Ba a jima ba sai ga Yaya Babba ya faɗo ɗakin yana haki, da leda a hannu, don ya ɗauka gwiwar ce ta kayar da Baba.

"Sannu Baba! Ai na ce waɗancan ba su da ƙarfi. Ga wani sabo na biya kemis na karɓo, an ce minti kaɗan gwiwa take saki."

Auta ta ga hannun Baba, wanda allura ke ciki, ya ɗago daga kan zanin gado a hankali, tafin a buɗe.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baba.

Tun da take, Auta ba ta taɓa ɗaga wa Yaya Babba murya ba, ko sunansa ba ta iya faɗa. Ta tashi ta shiga tsakaninsu, ta fizge ledar, ta danne hannun Baba da nata har sai da ya kwanta.

"Ke Auta, lafiyarki kuwa?"

"Yaya, kira Yaya Malama, ka zo mu fita waje," ta ce, hawaye na zubo mata. "Ya kusa mutuwa don kada ya ɓata mana rai."