Jan-baki a Gonar Alhaji Maikano

Alhaji Maikano ya yi wa Sule ya jiki, ya sake yi, amma bai tashi ba. Yana zaune a bakin tabarma a zauren maƙwabcin nasa, yana juya makullin mota a hannu. Sule na jingine da bango, an tokare masa baya da matashi. Can sai tari ya sarƙe shi, irin tarin da ke sa na kusa ya kawar da kai.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Birnin Kudu, kuma tare suka yi firamare. Daga nan hanya ta rabu. Maikano ya shiga yaron mota, ya zama direba, da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa ya sami kwangilar dakon siminti. Yanzu ga manyan motoci, ga ƙatuwar gonar dawa a Gwaram. Sule kuwa ya wuce sakandare, ya tafi Zariya koyon tuƙin jirgin sama. Kafin ya gama sai da mahaifinsa ya sayar da shanunsa da gonarsa ta Yalwan Damai. Gari ya zuba ido a ga arziki. Abin da aka gani shi ne Sule a cikin wani ɗan mitsitsin jirgi na kamfanin feshi, yana bin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi a gona, da albashin da bai kai na direban Maikano ba. Duk shekara ga kuɗin likita, ga na sabunta lasisi. Hawa babban jirgi sai an ƙaro karatu a Turai, kuma babu sauran abin sayarwa a gidan. Maikano ya sha yi masa tayin ya zo ya kula masa da motoci, Sule ya yi murmushi ya ce ya gode. A majalisa ma Maikano ne ya fara kiransa matuƙin jirgi mai aron babur, aka yi dariya, sunan ya bi shi.

Bana maganin feshin ya taɓa masa ƙirji, likita ya ce ya koma gida kada ya ƙara shaƙarsa. Sai ga jan-baki sun sauka a Gwaram daidai lokacin da dawa ke cika ido. Mairama, matar Sule, ta bi maƙwabta gida-gida ta roƙa kada a gaya masa. Maikano da kansa ya amsa mata a bakin ƙofa cewa Sule ba zai ji daga bakinsa ba.

"Jiya na leƙa Gwaram," in ji Maikano, idonsa na kan makullin. "Abin dai sai addu'a. Daga garin Sara har bakin kogi, in suka taso sai ka ce hadari."

Sule ya gyara zama. Ya tambaya ko kamfani bai aiko jirgi ba. Maikano ya ce jirgi na nan a filin da aka share bayan gari, amma Baturen da ke tuƙa shi ya sami aikin kamfanin mai a Fatakwal ya tafi. Badaru makanike na zaune yana jiran a turo wani daga Kano, ba a san ranar ba.

"Gonarka na ciki?"

"Tawa ba komai ba ce. Talakawa nake ji."

Shi kansa bai ji daɗin yadda muryarsa ta fito ba. Sule ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa takalminsa da jakarsa. Mairama ce ta kawo su. Ta ajiye, ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ba ta dubi mijinta ba.

"Alhaji, an gode da dubiya," ta ce.

A mota Maikano ya yi ta surutu don kada shiru ya same su. Ya ce shi fa bai ce a zo ba, in Sule ya ga jiki ba zai ɗauka ba su juya. Sule ya ce ya ji. Ya sauke gilashi yana kallon gonaki, yara da mata na kan dakali suna kaɗa gwangwani suna ihu, tsuntsayen na tashi daga wannan gefe su sauka a wancan. Wajen rabin hanya Maikano ya yi tambayar da ya daɗe yana yi cikin zolaya, yau kuma da gaske. Ya ce me ke cikin wannan aiki, abin da ya cinye shanu, ya cinye gona, yanzu yana cin ƙirji.

Sule ya juyo ya dube shi. Ya ce ranar da malaminsu ya fita daga jirgi ya rufe ƙofa ya ce ya tashi shi kaɗai, ya yi bisimilla ya ja jirgin. Da ya bar ƙasa sai ya ji kamar duk rayuwarsa a sunkuye yake sai ranar ya miƙe. Ya ce ya taɓa zama wata biyu ba aiki, har Mairama ta ce ya koma, don ya zama kamar baƙo a gidansa. Ya ce da mahaifinsa na raye ya taɓa ratsawa ta kan Yalwan Damai, ya sauko ƙasa-ƙasa, ya hango tsohon a gonar da ba tasa ba yanzu, ya cire hula yana ɗaga masa.

"To ka ce in je in gaya masa na koma ƙirgen tayoyi?" Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Ban da ma haka, Maikano, ina so ne. Ban san yadda zan faɗa maka ba."

Badaru makanike ya ga Sule ya fito daga mota yana dafa ƙofa, fuskarsa ta canza. Ya ce ba zai zuba magani ba. Sule ya nuna masa lasisi bai ƙare ba, ya ce ya nuna masa inda tsuntsayen ke kwana. Badaru ya dubi Maikano, kamar mai jiran ya sa baki. Maikano ya juya yana duba tayar motarsa.

Rana ta yi sanyi lokacin da jan-baki suka fara komawa cikin itatuwan bakin kogi. Jirgin ya gudu a kan filin, ya yi tsalle, ya ɗaga. Mutanen Gwaram suka fito, masu sayar da kaya suka bar kayansu. Maikano bai taɓa ganin Sule a sama ba sai ranar. Mutumin da ɗazu ya kasa sunkuyawa ya ɗaura takalmi, ga shi yana kwantar da jirgi a gefe guda, ya bi saman itatuwa kamar zai shafe su, farin hayaƙi na bin bayansa, ya tashi ya juyo ya sake bi. Wani tsoho kusa da Maikano ya tambaya ko Bature ne. Maikano ya buɗe baki zai ce maƙwabcinsa ne, sai ya mayar da idonsa kan jirgin.

Da jirgin ya sauka, farfela ta tsaya, ƙofa ba ta buɗe ba. Badaru ne ya hau ya ciro shi. Rigarsa ta jiƙe, warin magani na tashi daga jikinsa, numfashinsa na fita da ƙara. Amma fuskarsa a sake take, kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

Washegari aka wayi gari tsuntsaye zube a bakin kogi, gonaki shiru. Sule ya kwana asibiti, bayan 'yan kwanaki aka ce a mai da shi gida. Maikano na jin tarinsa ta katanga. Ya aika matarsa Kubra da abinci, ya aika da mota, ya aika da itace, amma shi bai shiga ba. In ya fito masallaci sai ya zaga ta bayan layi. Ranar Laraba Barira, ƙanwar Sule da ta zo jinya daga Sara, ta yi sallama ta ce yayanta na kiransa.

Ya tarar da shi a ɗaki, ya rame har kunnuwansa sun fito. Mairama na zaune a gefe tana masa fifita. Maikano ya durƙusa, ya shirya jin duk abin da za a faɗa masa. Sule ya laluɓo hannunsa.

"Kowa ya ɓoye mini sai kai," ya ce a hankali. "Na zaci na gama tashi. Allah ya saka da alheri."

Maikano ya ce amin. Mafici bai tsaya ba a hannun Mairama, ba ta kuma ɗago kai ba.

Bayan la'asar ranar Juma'a kuka ya tashi a gidan. Maikano ne ya kawo likkafani, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A wurin zaman makoki mutanen Gwaram da Sara suka zo mota guda. Suka yi wa mamaci addu'a, sannan ɗaya bayan ɗaya suka zo suka riƙe hannun Maikano. Suka ce ba don shi ba da bana sun yi asara, shi ya ɗauko matuƙi da motarsa, irinsa ake so a gari. Liman ma ya ambace shi a cikin addu'a. Maikano ya sunkuyar da kai yana amsawa, mutane suka ce rasuwar ta taɓa shi ƙwarai. Badaru makanike na can ƙarshen tabarma. Da zai tafi ya gaisa da kowa, ya wuce ta gaban Maikano yana gyara hula.

Dawa ta yi kyau a shekarar. Da aka sussuke, Maikano ya sa aka ɗora buhunan farko a mota aka sauke a zauren Sule. Barira ta fito ta ce Mairama ta ce an gode. Ba a mayar da su ba, ba a kuma shigar da su ciki ba.

Kullum in Maikano zai fita, ƙofar zauren a buɗe take, yana hango su jingine da bango. Ɓera ya huda na ƙasa. Dawa na zuba kaɗan-kaɗan a kan daɓe, kajin unguwa na shiga suna tsattsaga, babu mai korarsu.