Kibiya a Kan Ja

…saba'in da huɗu. Digiri saba'in da huɗu, ko la'asar ba ta yi ba. Kibiyar mita tana hawa sannu a hankali, fankoki biyu suna ta haki, su ma iska mai zafi suke hurawa — ina za su samo mai sanyi a Jimeta da ƙarfe uku da rabi?

Shekara talatin da ɗaya ina kula da na'urar watsa shirye-shirye, a gidajen rediyo uku. Ban taɓa ƙona amfilifaya ba, ko guda. Sai da aka naɗa mana Mu'tasim manaja. "Bappa, a ƙara mata wuta mana, a ji mu har Gombi." A ƙara mata wuta! Ya ɗauka tukunyar dambu ce.

Malamanmu sun kasa jahilci gida biyu. Akwai basiɗi, wanda bai sani ba, ya kuma san bai sani ba. Wannan ana koya masa. Akwai murakkabi, wanda bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. Wannan sai a ba shi ofis da kujera mai juyawa.

Na zaunar da shi, na yi masa bayani dalla-dalla. Amfilifaya wat biyar take karɓa daga ƙaramar na'urar da ke gabanta, ta mayar da shi dubu, ta aika eriya. Haddinta ke nan. Ka ɗura mata goma, ba za ta ba ka dubu biyu ba. Ta riga ta ƙoshi, ragowar zafi za ta zama, muryar ma ta dushe. Israfi ne, kuma ko ƙarfe ba ya yafe israfi. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa. "Modibbo, wannan ilimin da ne."

Ilimin da… zafin ma na da ne, ɗana, bai je jami'a ba.

Saba'in da bakwai.

Da akwai makunnin kariya, mai yanke wuta da kansa idan zafi ya kai tamanin. Jiya ina masallacin Juma'a Mu'tasim ya ɗauko Ɗanburam, mai gyaran talabijin a kasuwa, ya sa guntuwar waya ya tsallake shi, sannan ya murɗa ƙarfin zuwa tara. Laifin makunnin? Wai ya katse shirin cigiya sau biyu. Mai gadi ya yi ihun gobara, sai aka ɗaure masa baki don a samu barci. Ga wayar nan, ja, an murɗe ta da hannu, ko dalma ba a sa mata ba. Aikin kenan. A wurinsu wannan aiki ne!

Amfilifayar nan ita ce ta ƙarshe da muke da ita. Idan ta ƙone, sai an nemo wata daga Legas, makonni gidan nan yana bebe. Su kuwa waɗancan da ke farfajiya fa? Tun da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda suke kwararowa, daga Michika, daga Hong, kowa da takardarsa, kowa da sunan wanda ya ɓace masa. Ga muryar Zadok daga ɗakin gabatarwa, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya… na ashirin da takwas, yaro ɗan shekara bakwai, mai tabo a goshi…

Ni na kafa ƙa'idar: yadda takarda ta iso haka za a karanta ta, ba gaba ba baya, amana ce. Zadok ya ce, "Baba, bari in sa taka a sama, wa zai sani?" Na ce Allah zai sani. Na ji daɗin amsar nan ƙwarai a lokacin.

Tawa ta arba'in da ɗaya ce.

Safiyatu. 'Yata. Kwana goma sha shida. "Baba, da ƙafa muke tafe, ni da yaran, mun wuce Hong, cajina ya kusa…" Shi ke nan. Na kira har sai da yatsana ya gaji.

Tamanin. Nan ne makunnin zai yanke, da ba a tsallake shi ba. Na sa bayan hannu kusa da haƙarƙarin alminiyom ɗin da ke shanye zafin — ba ya taɓuwa. Ga wani wari-wari… ko hancina ne? Ba hancina ba ne.

Zadok ya kai na talatin da uku.

Shi Mu'tasim yana can wurin taro a Yola, cikin ɗaki mai sanyi, yana ba da labarin yadda ya faɗaɗa zangonmu. Zango! Nisan zango na tsawon hasumiya ne, duk wanda ya taɓa riƙe mita ya san haka. Da wat biyar muna kaiwa bayan Girei, mu taɓa gefen Song. Da taransa me ya ƙaru? Mil uku, in an yi sa'a. Mil uku ya saya da ran na'urar gaba ɗaya, wawa, marar tunanin gobe. Bayan tawa akwai sunaye sittin. Sabuwa, tsohuwar nan da ke ƙarƙashin dalbejiya, tata ta sittin da uku ce, tun asuba ba ta ɗaga ba. Gobe wasu ɗari za su zo. Maslahar jama'a tana gaban ta mutum guda. Sau nawa na karantar da wannan babin a zaure?

Rubu'in murɗa zuwa hagu, ya koma biyar. Cizge jar wayar, daƙiƙa biyu. Ba kowa a ɗakin nan, ba wanda zai hana ni. Tun ƙarfe uku na iso, na ga tara, na ga wayar…

Tun ƙarfe uku.

To, me nake jira? Rabin sa'a ina zaune ina zagin yaron mutane, hannuna a kan maɓallin…

Mil uku. Idan tana cikin mil ukun nan fa? Wani ƙauye bayan Song, wani mai shayi da rediyonsa, ta zauna ta huta ƙafa…

Astagfirullah. Shi bai sani ba. Ni na sani.

Tamanin da huɗu. Na talatin da takwas… karanta da sauri, Zadok, don Allah, bar kwatancen zanen da ta ɗaura…

An fara kiran la'asar. Hannuna ya ƙi motsi.