Ranar da Aka Zo Ɗaukar Muryar Namadi

A duk ƙasar Kebbe, in an sa ranar gayya, Namadi ake nema kafin a nemi mai dama fura. Makaɗin noma ne, ya gaji ganga daga ubansa. Tsofaffi sun shaida cewa da zarar ya ɗora gula a fata, ko ragon da ya zo don tuwo kawai sai ya tsinci kansa a kan kunya yana zuba gumi. 'Yan amshinsa uku ne, amma ƙashin bayansu Na'iya ne, mutumin da ya san inda numfashin Namadi zai tsaya tun bai tsaya ba.

Abin da ya hana Namadi sakat, shekara biyu bayan samun mulkin kai, akwatin rediyo ne. Sambo mai tebur ya sayo shi ya girke a bakin rumfarsa, kuma duk ranar kasuwa sai ya murɗa shi zuwa tashar ƙetare, ta Nijar. A can muryar Ɗan'iya take fitowa. Shi Ɗan'iya ɗan ƙanen uban Namadi ne, a hannun Namadi ya koyi riƙon gula, ya tafi cin rani wajen Gaya ta Nijar ya zarce. Aka tsayar da shi gaban na'ura aka ɗauki waƙoƙinsa, ga shi yanzu yana shigowa Kebbe ta iska, ba jaki ba guzuri, mata suna ajiye ƙwarya suna saurare.

"Sarkin ganga, ka ji ƙanenka?" in ji Sambo wata rana, yana ƙara murya da gangan.

"Na ji. Salona na, gishiri yaƙ ƙara mai."

"To kai yaushe za mu ji ka? Ko ƙasarku ba ta da irin wanga aiki?"

"Ƙasarku? Kai daga rijiya anka tsamo ka?" Namadi ya gyara tsayuwa, don ya ga an fara taruwa. "Mu ad da jirgin ƙasa. Mu ad da dalar gyaɗa awa dutsi. Lardi guda namu ya fi su yawa, ko an haɗa da raƙumansu."

"Sun dai riga mu 'yanci."

"Ƙaramar tukunya ita ka fara tafasa."

Aka kwashe da dariya, aka ce Namadi ya ci. Amma a hanyar gida dariyar ba ta bi shi ba. Jirgin ƙasan da yake tutiya da shi bai taɓa ganinsa ba, dalar gyaɗar ma labarinta ya ji a bakin fatake. Abin da ya sani da idonsa shi ne hanyar Tambuwal, wadda in damina ta faɗi mota ba ta sake takawa sai ƙasa ta bushe. Ya sani, kuma ya tsani a faɗa masa.

Ba a daɗe ba Na'iya ya same shi a gindin tsamiya yana ɗaure ganga. Ya zauna, ya yi ta wasa da tsinke, sannan ya ce, "Maigida, Ɗan'iya ya aiko. Ya ce 'yan amshinai ba su da murya. Ya ce mu zo mu uku."

Namadi bai ɗago ba. Ya ja tsirkiya har ta yi ƙara.

"Ba raini ba ne," in ji Na'iya. "Tun ina da gashi baƙi nika amsa maka. Ina son ko sau guda ɗiyana su ji muryata ta fito cikin akwati."

"Ta fito cikin akwatin wasu."

"Akwati bai da ƙasa, Maigida."

Maganar ta kwana biyu a tsakaninsu ba a warware ba. Sai ga saƙo daga Tambuwal, daga Malam Maccido, malamin da aka ɗora wa shirya bikin tunawa da 'yanci. Ya ce bana za a turo masu ɗaukar murya daga birni, kuma an zaɓi Namadi ya tsaya wa manoman kudu. Namadi ya tara mutanensa, ya ɗora hannu a kan ganga.

"Ku ji ni. In ba a ɗauki muryarmu a ƙasarmu ba wagga kaka, na sallame ku da bakina, ku tafi inda kuka so. In an ɗauka, kada in sake jin sunan Gaya a gidan nan."

Suka yarda.

Ya shirya waƙa sabuwa, irin wadda bai taɓa yi ba. Bai kira sunan manomi ko ɗaya ba, ƙasar gaba ɗaya ya mayar gona, yana kiran mutanenta su fito da fartanya. Amshin gajere ne: "Gonarmu ta, ko da ƙaya." Suka yi ta bita a bayan gari har Na'iya ya ce yana jin amshin a cikin barci.

Da ƙafa suka tafi Tambuwal, don hanya ta yanke a fadama. Suka ratsa ruwa har ƙugu, ganguna a ka. Ɗaya daga cikin 'yan amshin ya ce wai a Gaya mota na gudu ko ana ruwa, Namadi ya juyo ya kalle shi, mutumin bai sake ta da zancen ba har suka isa.

Filin biki ya cika tun hantsi. 'Yan makaranta sun jeru da tutoci kore da fari, an kafa rumfar zana don manya. A gefen rumfar, kan tebur, ga akwatin da suka zo dominsa: faya-fayai biyu a samansa suna juyawa a hankali, zare siriri yana wucewa daga wannan zuwa wancan, wani saurayi baƙo yana zaune da abin saurare a kunne. Namadi ya daɗe yana kallonsa kamar mai kallon jaririn da aka daɗe ana jira.

"Yaya, barka da tafiya."

Ya waiwaya. Ɗan'iya ne durƙushe, da kaftani mai guga. Suna ya zo yi a Dogon Daji, ya ji labari, ya ce ba zai koma ba sai ya gaida wanda ya koya masa. Ba gadara a fuskarsa ko kaɗan, wannan ya fi komai ƙona ran Namadi.

"Ka zo daidai," ya ce. "Yau ka ga yadda aka yi a babban gida."

Aka fara jawabai. Malam Maccido ya yi na maraba, faya-fayai suna juyawa. Babban baƙo ya miƙe ya yi nasa da Turanci, aka maimaita da Hausa, duka ana ɗauka. Ya ce duk ƙasashen da ke kewaye da mu kallonmu suke yi, Namadi ya gyaɗa kai da ƙarfi yana satar kallon Ɗan'iya. Wani ya tashi ya gode wa babban baƙo. Wani ya tashi ya gode wa mai godiya. Inuwar rumfa ta juya, aka je azahar aka dawo, wani kansila da ba a sa shi cikin tsari ba ya ce ba zai yiwu a ɗauki muryar takwaransa a bar tasa ba. Aka ba shi. Gangunan Namadi suka sha rana har sai da aka lulluɓe su da riga.

Bayan la'asar aka kira makaɗan Kebbe. Kafin Namadi ya isa gaban abin magana, Malam Maccido ya ja shi bayan rumfa. Saurayin mai akwati yana tsaye yana sosa ƙeya.

"Baba Namadi, an samu 'yar matsala. Zaren ya ƙare."

"Wane zare?"

"Na ɗaukar murya. Wanda anka ba su, jawabai sun cinye. Babu wani sai birni."

Namadi ya dubi saurayin. Saurayin ya dubi ƙasa. "Na faɗa tun da rana," ya ce a hankali, "aka ce ba a katse manya."

"Malam," in ji Namadi, "ruwa munka ratso. Waƙar ƙasar nan ta, ba ta ubana ba."

"Na sani, na sani. Badi, in Allah ya kai mu. Amma yanzu ga jama'a, ga baƙi, har da mutanen ƙetare a cikin taro. Ka tsaya gaban abin magana ka yi waƙarka, shi kuma shi zauna awa yana ɗauka. Wa zai sani? Kada mu kunyata ƙasa gaban maƙwabta."

Namadi ya leƙa ta jikin zana. Ga Na'iya yana gyara hula, yana share maƙogwaro. Ga Ɗan'iya a sahun gaba, ya harɗe hannu yana jira. Da Ɗan'iya ba ya wurin, da ya ɗauki gangarsa ya kama hanya. Ya rataya ganga ya fita fili.

Waɗanda suka halarta sun ce Namadi bai taɓa waƙa irin ta ranar ba. Fushin da ke cikinsa duk ya zuba shi a fata. Yana jefa baiti, Na'iya yana cafewa, kafin a jima filin gaba ɗaya ya ɗauki amshi, har 'yan makaranta. Wani tsoho ya karɓe sandar maƙwabcinsa ya shiga noman iska. Ɗan'iya ma bai iya zama ba, ya taso ya zagayo ta bayan tebur don ya share wa yayansa gumi da hannun riga. A nan idonsa ya faɗa kan akwati. Ya tsaya kaɗan, sannan ya ƙarasa ya share gumin, ya koma wurinsa.

Da aka watse, 'yan amshi suka kewaye Namadi a gindin wata bishiyar bedi suna murna. Na'iya yana ta tambayar wace rana za a sa, don ya tara iyalinsa tun da wuri. Ɗan'iya ya matso kusa da kunnen Namadi.

"Yaya, a can in ana waƙa, faya-fayan nan juyawa sukai. Ban faɗa wa kowa ba. Ba kuma zan faɗa ba."

Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Namadi ya ga yadda watanni za su kasance: Na'iya zaune gaban rediyo kowace kasuwa yana jiran muryar da ba ta nan, shi yana ƙirƙiro dalili, ƙanensa yana can ƙetare yana rufa masa asiri don tausayi. Ya sauke ganga.

"Ku daina tsalle. Ba a ɗauki komi ba. Zare ya ƙare tun kan a kira mu, kuma na sani kan in fara."

Sai Na'iya ya ce, "Ka sani? Ka bari munka tsage maƙogwaro gaban akwati kurma?"

"Na bari! Mi kaka so in yi? In tsaya gaban wanga in ce babbar ƙasa ba ta da zaren waƙa guda?" Ya nuna rumfar manya da gula. "Muna da komi. Wallahi muna da komi! Mai rabawa na ba shi da kunne. Tun safe suna gode wa juna, mutanen da anka yi 'yancin don su suna gasuwa a rana."

Bai taɓa faɗin irin wannan a gaban kowa ba, balle a gaban ɗan ƙetare, shi kansa sai da ya ji ɗacinta a harshe.

"Alkawari na yi," ya ce da murya ta sauka. "Na sallame ku."

"Mu tafi tare, Yaya," in ji Ɗan'iya. "Kai za a sa gaba, ni in koma baya inda nike da."

"A'a."

"Don mi?"

"Don a'a."

Na'iya ya daɗe yana murza hularsa. Ya tambaya ko za su iya tafiya da sabuwar waƙar, tun da sun riga sun haddace ta.

"Ku je can ku ce gonarmu ta? Gonar wa? Ku ɗauki sauran duka, na ba ku. Wagga ku bar min."

Suka durƙusa suka nemi gafara ɗaya bayan ɗaya. Na'iya ne na ƙarshe, bai iya haɗa ido da shi ba. Sannan suka bi Ɗan'iya wajen masaukinsa, gangunansu a kafaɗa.

Namadi yana nan tsaye sai ga Malam Maccido a kan keke, fuska cike da fara'a, an yaba masa tsarin biki. Bai tsaya ba, ya ɗaga hannu kawai.

"Madalla, Baba Namadi! Ka fitar da mu kunya! Badi da kai za a fara!"

"Badi wa zai amsa min?" in ji Namadi.

Keken ya riga ya sha kwana.